Minti goman farko: yadda ake agaza wa wanda ya yi haɗarin babur kafin a kai shi likita

A Damagaram mutum ba ya faɗuwa da babur ya rasa mai ɗaga shi. Ko a bakin Kasuwar Dole ne, ko a kan kwaltar da ta miƙe zuwa Mirya, kafin ƙura ta lafa jama'a sun yi dafifi, ana ta salati, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wani ya sheƙa ya sayo ruwan leda. Tausayi kam muna da shi, alhamdu lillahi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin abin da muke yi a wannan lokaci da zuciya ɗaya, ciwo yake ƙara wa mai rauni. A cicciɓe shi a zaunar, a jijjiga shi, a kwara masa ruwa a ka, a ɗura masa wani a baki, a ɗebi ƙasa a toshe inda jini ke zuba. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya ƙarasa mutumin da faɗuwar ba ta kashe ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma a Afirka abin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a. Mu da kabu-kabu da adaidaita su ne ƙafarmu, ba sai an karanta mana rahoto ba. Lissafin jiki ya kamata mu riƙe. Ƙwaƙwalwa in ta rasa iska, cikin minti 4 zuwa 6 take fara lalacewa. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne kacal, in babbar jijiyar cinya ta tsinke kuwa, 'yan mintoci sun isa ya tsiyaye. Babu motar asibitin da za ta iso a wannan ɗan tsakani. Aikin na wanda ke tsaye a wurin ne, kuma jere gare shi: ana yin wani kafin wani.

Na farko, tare hanya

Kafin ka taɓa kowa, waiwaya. Direban da ke tafe a guje bai san an faɗi a gabansa ba, balle da dare ko cikin hazon hunturu. Tura mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, su yi nisa, aƙalla mita 30 a cikin gari, fiye da haka a babbar hanya irin ta Takeita ko ta Tanut. Da rana su riƙe ganye ko ƙyalle, da dare fitilar waya. A kashe babur ɗin, a zare makulli, a ɗauke shi daga kan mutumin. In mai ya zube, a hana kunna taba, a watsa yashi a kan man. In sandar lantarki ce ta faɗi waya na ƙasa, kada kowa ya matsa sai an ɗauke wuta.

Tankar mai kuwa hukuncinta daban ne, kuma tunda matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 tankoki ba sa yankewa a hanyoyinmu. A watan Mayun 2019 wata ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka rufe ta da bokitai da jarkoki, ta kama da wuta, sama da mutum 50 suka rasu. In ka ga tanka a kwance, ka yi nisa, ka kori yara, ka kira 'yan kwana-kwana.

Mai rauni ba a gusar da shi daga inda ya faɗi sai in wuta za ta cim masa, ko an kasa tsayar da motoci. In ta kama dole, ka tsuguna ta wajen kansa, ka damƙi rigarsa ta kafaɗu, kansa ya kwanta tsakanin hannayenka, ka ja shi a miƙe. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwalta kanta tana ƙona fata. A yi masa inuwa da zani ko tabarma, a zura kwali a hankali ƙarƙashin hannu ko ƙafar da ke kan kwalta tsirara.

Na biyu, raba aiki

In ka ce “a kira mota”, kowa zai ɗauka wani ya kira. Nuna mutum ɗaya da yatsa: “Kai mai shuɗiyar riga, don Allah kira 18.” Lambar 'yan kwana-kwana ke nan, 17 kuma ta 'yan sanda. Mai kira ya faɗi wurin da alamar da za a gane shi, kusa da masallaci kaza ko gidan mai kaza, mutum nawa suka ji ciwo, akwai wanda ya suma, akwai jini mai yawa, akwai wuta. Kada ya kashe waya sai an sallame shi. Mutanen karkara, ta wajen Gure ko Magarya ko Matamai, su adana lambar majon CSI, wato shugaban cibiyar lafiya ta kusa da su, da ta jandarmomi tun yau, don ranar da ake nemanta ba ranar tambaya ba ce. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, a ba su aiki: wannan ya haska fitila, wancan ya matsar da taro baya iska ta shigo. Mutum kwance cikin jini yana da mutunci, iyalinsa kuma bai dace su fara ganin sa a WhatsApp ba.

In mutum biyu ko uku ne suka faɗi, ido yakan tafi kan mai ihu. Mai ihu yana numfashi. Fara da wanda ya yi shiru.

Na uku, jini

Jinin da ke tsartuwa, ko yake malala har ya yi tafki, shi ake fara tarewa kafin komai. Sa safar hannu in akwai, in babu ka zura hannunka a cikin leda mai tsabta, don kare kanka daga cututtukan da ke bin jini. Ɗauki ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, rawani ne, kallabi ne, hirami ne, ka ninke shi, ka ɗora a kan raunin, ka danna da tafin hannu da nauyin jikinka. Dannawa ta gaske, ba shafa ba. Zai yi ƙara, ka ba shi haƙuri, kada ka sassauta.

Nan ne ake yawan kuskure: mutum ya danna minti ɗaya, sai ya ɗaga ya leƙa ya ga ko ya tsaya. Duk ɗagawa tana ɓamɓare gudan jinin da ya fara daskarewa, a koma farko. Riƙe aƙalla minti 10 ba leƙe. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa, na ƙasa ya zauna a wurinsa. In raunin rami ne mai zurfi, a cinya ko a matsematsi ko a hammata, ka cusa ƙyallen ciki da yatsa har ya cika, sannan ka danne. In jinin ya lafa, ka naɗe da bandeji ko tsagin zani tamau. Ƙarfe ko kwalba da ta soke ta tsaya a jiki, a bar ta nan, don ita ke toshe jijiyar da ta huda. A kewaye ta da ƙyalle a danna gefe da gefe.

Ƙasa, toka, baƙin mai, garin taba, ruwan batir, kashin shanu, babu ɗayansu da ke tsayar da jinin jijiya. Abin da suke yi shi ne shigar da dauɗa cikin nama, har da ƙwayar cutar tetanus, wadda ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, mai sandarar da muƙamuƙi da jiki duka. Daga baya kuma ma'aikacin lafiya sai ya kankare su ɗaya bayan ɗaya kafin ya iya ɗinki.

In hannu ne ko ƙafa, ka danna iya ƙarfinka jinin ya ƙi tsayawa, ko gaɓar ta guntule, to sai ɗauri. Nemo ƙyalle mai faɗin yatsa uku ko huɗu, ba igiya ba, ba waya ba. Kewaya shi sau biyu a saman raunin, ta ɓangaren da ke kusa da gangar jiki, tazarar santimita 5 zuwa 7, kada ya hau kan gwiwa ko gwiwar hannu. Ƙulla, ɗora sanda mai ƙwari ko sifana a kan ƙullin, sake ƙullawa a kanta, sannan ka yi ta murɗa sandar har jinin ya tsaya cak. Ɗaure sandar kada ta warware. Dubi agogo, ka rubuta lokacin a fatarsa ko a takarda ka maƙala masa. Daga nan ba mai kwance shi sai likita, komai roƙon da zai yi. Ɗauri mai sako-sako ya fi rashinsa sharri, don jini zai shiga gaɓar ya kasa komawa, zubar ta ƙaru.

Na huɗu, numfashi

Durƙusa kusa da kansa inda zai gan ka ba sai ya juya wuya ba. Taɓa kafaɗarsa, ka yi magana da ƙarfi: “Malam, kana ji na? Kada ka motsa, muna tare da kai.” In dattijo ne ka ce Baba, in mace ce ka ce Inna ko Hajiya, ka tambayi suna. Mai amsawa yana numfashi, sai ka wuce mataki na gaba. In mace ce kuma akwai wata mace a kusa, a kira ta ta sa hannu kana gaya mata abin yi, a sa zani a kare. In babu, kada kunya ta sa a tsaya kallo. Lalura ce, ceton rai ne.

Wanda bai amsa ba, harshensa kan saki ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro. Ɗora hannu ɗaya a goshinsa, yatsu biyu na ɗaya hannun ƙarƙashin haɓarsa, ka ɗaga haɓar sama a hankali. In ka ga jini ko amai ko karyayyen haƙori a baki, share abin da idonka ya gani da ƙyalle. Sannan kai kuncinka kusa da hancinsa, idonka na kan ƙirjinsa, ka ƙirga har goma. Ƙirji na tashi yana sauka a kai a kai? To yana numfashi.

Akwai wani numfashi da ke ruɗin mutane: jan iska ɗaya mai ƙara, a daɗe shiru, sannan wani. Da an ji shi sai a ce gargara ce, a fara laƙƙana masa kalmar shahada, wani ma ya jawo mayafi zai rufe shi. A laƙƙana masa, wannan alheri ne, amma hannu ya yi aiki tare da baki, don sau da yawa alama ce ta zuciya ta tsaya yanzun nan, kuma lokacin ne dannar ƙirji ke da amfani. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, miƙe gwiwoyin hannu, kafaɗunka su daidaita da hannayenka. Danna ƙasa zurfin santimita 5 zuwa 6, ka saki ƙirjin ya dawo, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Wanda aka koya wa hura iska ya yi danna 30 hura 2. Wanda bai iya ba, ko bakin ya cika da jini, ya ci gaba da danna kawai. Aiki ne mai gajiyarwa, a riƙa canji duk bayan minti 2. In ka ji haƙarƙari ya yi ƙas, kada ka firgita ka daina, haƙarƙari yana warkewa. Ga yaro, hannu ɗaya ya isa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Ba kowa wannan ke dawowa da shi ba, musamman in raunin ya yi tsanani, rai na Allah ne. Amma ba a dainawa sai ya fara numfashi da kansa, ko ma'aikata sun karɓa, ko ƙarfi ya ƙare.

Na biyar, wuya da baya

Duk wanda babur ya yar, ka ɗauka wuyansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Laka tana ratsa ƙashin baya kamar zare a cikin carbi. In ƙwaya ɗaya ta fashe, zaren na nan lafiya muddin ba a lanƙwasa ba, da an lanƙwasa kaifin fasasshiyar ƙwayar ya yanke shi, kuma laka in ta yanke ba ta ɗinkuwa. Wasu daga cikin mutanen da ke kwance shekara da shekaru ba su iya motsa ƙafa, wajen ɗauka abin ya same su. Saboda haka mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa, ya tallafe kan da tafuka biyu ta gefen kunnuwa, a yadda ya same shi, ba ja ba murɗawa. Wannan shi ne aikinsa har a isa. Tambayi mai rauni ko wuya ko baya na ciwo, ko yana jin hannu da ƙafa, ko suna masa yam-yam.

Hular kwano a bar masa ita, a buɗe gilashin gaba, a kwance igiyar haɓa. Ba a cire ta sai in ba ya numfashi ko yana amai, kuma mutum biyu ke yi: ɗaya ya tallafi ƙeya da haɓa daga ƙasa, ɗaya ya buɗa gefen hular ya zare ta sannu.

Wanda ya suma yana numfashi, in ya fara amai, ko jini na taruwa a bakinsa, ko yana minshari, barin sa rigingine zai shaƙe shi. Ku uku ku juya shi: mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, ɗaya a kafaɗa da ƙugu, ɗaya a ƙafafu, ku mirgina shi gaba ɗaya lokaci guda zuwa gefe, hanci na daidai da tsakiyar ƙirji, baki ya ɗan kalli ƙasa. Mace mai ciki a kwantar da ita ta hagu. A ci gaba da duban numfashi, don yana iya tsayawa bayan an juya.

Maganar ruwa

Zai roƙi ruwa, kuma hana mai ƙishi ruwa abu ne mai nauyi a zuciyar Bahaushe. Duk da haka a hana. Ƙishirwar nan alama ce ta jini ya ragu, tare da gumi mai sanyi, da ɗashewar leɓe da tafin hannu da cikin fatar ido, da numfashi sama-sama. Ruwan sha ba ya mayar da jini. Wanda hankalinsa bai cika ba, ruwan yana iya faɗa masa cikin huhu. In kuma aikin tiyata ya kama, ciki da abinci ko ruwa haɗari ne wajen allurar barci. Jiƙa ƙyalle ka goga masa a leɓe. A bar shi kwance, a lulluɓe shi ko da ana zafi, don jikin da ya zubar da jini saurin yin sanyi yake, sanyi kuma yana hana jini daskarewa. Fura, shayi, madara, tramol, ƙwayoyin masu talla, duk a ajiye.

Na shida, karaya da ƙuna

Ƙafar da ta karkace, a bar ta yadda take. Kada a ja, kada a nemi miƙar da ita. Sa katako ko kwali mai kauri ko damin kara a gefe biyu, tsawonsa ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa, a sa tsumma tsakani, a ɗaure sama da ƙasan karayar. In babu komai, haɗa ta da ƙafar lafiya. In ƙashi ya fito waje, rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a tura shi ciki. Na san da yawa gidan maɗori za su nufa. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, ba nasa ba ne, don cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita ɗaya ta jini ba a ga ɗigo a waje ba. A fara da likita a ɗauki hoto. Bayan kowane ɗauri a duba yatsu: in sun yi sanyi, sun canza launi, ko sun daina ji, ya matse da yawa.

Ƙunar salansa a ƙwauri maganinta ruwa ne mai ɗan sanyi, minti 20 cur. A garin da jarkar ruwa ke da daraja, ba sai an yi ɓarna ba: a tsoma ƙafar a bokiti ana sauya ruwan in ya ɗumama, ko a riƙa tsiyayawa a hankali da buta. Ruwan randa ya yi, ƙanƙara kuwa ƙara lalata fata take. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Kada a fasa bororo, kada a fizge tufar da ta manne. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, ko hannu, ko al'aura, ko ta ƙaramin yaro, sai likita.

Na bakwai, ɗauka

In motar asibiti na tafe, a jira ta. In babu, a nemi motar da mutum zai miƙe a ciki, irin a-kori-kura, ko amalanke in a ƙauye ne har zuwa bakin kwalta. Sanya mai ciwon wuya ko wanda ya suma a tsakiyar mutum biyu kan babur, kai na lilo, shi ne mafi munin abin da za a yi masa. Adaidaita ma naɗe mutum take yi. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi gefe, a tura katakon, a mayar da shi, a ɗaure shi da zannuwa a ƙirji da ƙugu da ƙafafu, a tokare kai da naɗaɗɗen tufa ta gefe biyu. Direba ya tafi a natse, gudu a kan ramuka ba taimako ba ne. Rauni mai tsanani a cikin gari, a wuce babban asibitin ƙasa na Zinder kai tsaye. Daga nesa kuwa, kamar Tanut da ke fiye da kilomita 100, a tsaya likita mafi kusa su tsayar da jini su sa ruwa sannan su tura gaba. Wanda ya ga abin da idonsa ya bi su, ya faɗi ƙarfe nawa aka faɗi, ko ya suma, ko ya yi amai, da lokacin da aka yi ɗauri.

Duk wannan ba ya son kaya masu yawa. Safar hannu, bandeji biyu, tsohon zani wankakke da aka yayyanka, almakashi da biro, a ƙulle a leda ƙarƙashin kujerar babur ko aljihun mota. Dannar ƙirji da juya mutum kuwa sai hannu ya gwada kafin ya iya. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, tana koyar da agajin gaggawa, kuma ina ganin ya dace shugabannin 'yan kabu-kabu da na tasha da fadojin matasa su je su nemi a koya wa mutanensu.

Saura mutum ɗaya da ake mantawa: wanda ya miƙe da kansa, ya kaɗe rigarsa, ya ce lafiya lau, ya hau babur ya tafi gida. Jini yana iya taruwa a cikin kai sannu a hankali, saifa ko hanta da ta tsage ma takan yi awoyi kafin ta nuna. In kansa ya bugu, kada ya kwana shi kaɗai, a sa masa ido kwana biyu. Ciwon jiki a ba shi parasitamol kawai, ban da asfirin da dangoginsa masu ƙara zubar jini. In ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar, ko magana ta harɗe, ko jini ko wani ruwa garai-garai ya fito ta kunne ko hanci, ko ya yi jijjiga, ko ciki ya yi tauri yana ciwo, ko fitsari ya zo da jini, a ɗauke shi zuwa likita a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.